Hoton Bango Da Ya Zama Dukiya: Labarin "Tutu"

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa bin Marina a nan Ikko ya ga gunkin Sango da ke gaban tsohon ginin NEPA. Wanda ya yi shi sunansa Ben Enwonwu, mutumin Onica, an haife shi a 1917, ya rasu a Ikko a 1994. Shi ne kuma ya ƙera mutum-mutumin Sarauniyar Ingila Elizabeth na tagulla a 1957. Amma yau ba sassaƙarsa za mu yi magana a kai ba, wani hoto ne da ya zana, wanda ya ɓace shekara da shekaru sa'an nan ya ɓullo inda ba a zata ba.

Sa'ad da Enwonwu yake koyarwa a Jami'ar Ife, ya zana wata 'yar sarautar garin mai suna Adetutu Ademiluyi har sau 3, tsakanin 1973 da 1974. Hoton shi ake kira "Tutu". Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ga mai zane Ibo, ga wadda aka zana Bayarabiya, saboda haka mutane suka ɗauki hoton alamar sulhu. Aka yi ta buga shi a takarda ana ratayewa a gidaje da ofisoshi. Su kuwa na ainihin ukun, aka neme su aka rasa.

A ƙarshen 2017 wani iyali da ke zaune a arewacin Landan suka kira kamfanin gwanjo na Bonhams ya zo ya duba musu wani hoto da ya daɗe a bangonsu. Giles Peppiatt, masanin zanen Afirka na kamfanin, ya je. Kafin wannan rana an sha nuna masa Tutu, kowanne ya duba sai ya tarar bugun inji ne. Wannan karon kuwa fenti ne na gaske, ga sa hannun Enwonwu, ga shekarar 1974. Kamfanin ya yi masa kiyasin fam dubu 200 zuwa dubu 300. Ran 28 ga Fabrairu 2018 aka yi gwanjon a Landan, masu taya a Ikko suna zaune a otal ɗin Wheatbaker na Ikoyi suna bi kai tsaye. Aka sallama a kan fam miliyan 1 da dubu 200 da 'yan kai, watau ninki 4 na babban kiyasin. A lura, wannan adadi har da la'adar da mai saye ke biyan kamfani, ba duka ke shiga aljihun mai kaya ba.

Ba a rufe shekara 2 ba sai ga wani. Shi kuma hoton wata Ba'amurkiya ce mai gyaran gashi, Christine Davis, wadda ta zauna a Ikko da mijinta, Enwonwu ya zana ta a 1971. Iyalinta sun gāji hoton ba su san darajarsa ba, sai da ɗayansu ya karanta sa hannun da ke jiki ya nemi sunan a intanet, ya aika wa kamfanin Sotheby's. A watan Oktoba 2019 aka sayar da shi wajen fam miliyan 1 da dubu 100.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. 'Yan'uwanmu da yawa a nan Kudu masu gadi ne, ko direbobi, ko kukuma a gidajen manya, maigida in zai tashi yakan bar musu tarkacen ɗaki. Wasu kuma sana'arsu ke nan sayen tsofaffin kaya gida gida. Sau nawa aka cire hoto aka yar don a sayar da firam ɗin?

Abu na farko shi ne a rarrabe zanen hannu da bugun inji, nan ne yawancin masu murna ke shan kunya. A kai hoton wurin haske a karkata shi. Fentin mai yakan yi tudu da kwari, ana ganin sawun burushi, kuma galibi a kan ƙyalle mai kauri yake ko katako. Bugun inji sumul yake, in aka sa gilashin ƙara girma sai a ga ɗigo-ɗigo a jere kamar na hoton jarida. Irin wannan ko da sunan Enwonwu a ƙasa, sunan ma bugawa aka yi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sa hannu kaɗai ba ya isa, gama tun da farashi ya hau masu jabu suka yi yawa. Shi ya sa masana ke juya hoto su duba bayansa: takardar gidan da aka taɓa nuna shi, hatimi, rubutun fensir, tsufan ƙusoshi. Sa'an nan su tambayi salsalarsa, wa ya saya, a ina, yaushe, ta yaya ya zo hannunka. Rasit, ko wasiƙa, ko tsohon hoton iyali da ya nuna zanen a bango, kowanne yana ƙara masa kuɗi. Wanda aka ba kyauta ya roƙi maigida ya rubuta masa 'yar takarda, don kada gobe a ce sata ya yi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga baƙo a gari.

Kada a wanke shi da ruwa ko kananzir, kada a sake masa fenti, kada a canja firam. A ɗauki hotonsa gaba da baya da wurin sa hannun. Manyan kamfanonin gwanjo suna yin kiyasin farko kyauta, a Ikko ma akwai Arthouse Contemporary da ta fara gwanjon zane a 2008. Ni dai a ganina, dillalin da ya taya da sauri ya ce a sallama yau yau, ya san abin da mai kayan bai sani ba, a nemi bakin mutum na biyu.

Lokacin da aka sayar da Tutu a 2018, 'yan'uwansa biyu suna nan a ɓace.