Me ya sa mutanen Birtaniya ke fita ƙirga tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a kowace bazara?

Idan watan Yuni ya kama a Birtaniya, rana kan wuce ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba. Ciyayi kan yi tsawo, furanni su buɗe a gefen gonaki, jama'a kuma su fantsama cikin karkara. Za a ga dattijo rataye da madubin hangen nesa yana bin shinge a hankali, ko uwa da 'ya'yanta sun tsuguna gaban wani fure suna rubutu a takarda.

Baƙon da bai saba ba zai ɗauka rashin aikin yi ne. Amma abin da waɗannan mutane ke rubutawa shi ne ginshiƙin abin da masana suka sani game da halin da tsuntsaye da ƙwarin ƙasar ke ciki. Wani ɓangare na labarin kuma ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin da yawa daga cikin halittun da ake ƙirgawa daga can suke tasowa.

Minti 15 a cikin rana

Mafi shahara a cikin irin wannan ƙidaya ita ce wadda ƙungiyar Butterfly Conservation ta fara a shekarar 2010. Ana yin ta ne na kimanin mako uku, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, lokacin da malam-buɗe-littafi ya fi yawa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Mutum zai zaɓi wuri a ranar da gari ya yi haske, ko lambun gidansa ko filin shaƙatawa ko bakin gona, ya yi minti 15 yana lura. Sai ya rubuta nau'in da ya gani da adadinsu, ya aika ta manhajar waya. Ko bai ga komai ba ana son ya faɗa, domin rashin ganin ma bayani ne.

Akwai wani shirin da ya girmi wannan, wanda aka fara tun 1976. A cikinsa 'yan sa-kai ke bin hanya ɗaya tak a kowane mako, daga Afrilu zuwa Satumba, shekara da shekaru. Da haka ake iya kwatanta bana da bara, da kuma shekara 40 da suka wuce.

Abin da alƙaluman suka nuna

Birtaniya na da nau'in malam-buɗe-littafi 59. Wani rahoto na shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na nau'o'in sun ragu tun daga shekarun 1970, ko dai a yawa ko a faɗin yankin da ake samun su.

A 2024 aka samu sakamako mafi muni tun fara ƙidayar minti 15. Kowane mai ƙirga ya ga guda bakwai a matsakaicin lissafi, maimakon 12 na shekarar da ta gabace ta. Ruwan sama da sanyin da aka sha a wannan shekara sun taimaka, amma masana sun ce tushen matsalar ya daɗe.

Tun daga shekarun 1930 ƙasar ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na filayen ciyawa masu furannin daji. An nome wasu, an yi gini a kan wasu. An tumɓuke shingayen itatuwa da ke tsakanin gonaki domin manyan injinan noma su samu hanya, sannan ga yawan feshin maganin ƙwari. Kowane nau'in malam-buɗe-littafi na da 'yan tsirran da tsutsarsa ke iya ci, idan tsiron ya ɓace shi ma ya tafi ke nan.

Masu fitowa da dare

Idan duhu ya yi, sai dangin malam-buɗe-littafi masu yawo da dare su karɓi fage, irin waɗanda ake gani suna kewaya fitila. Ɗan ƙaramin asu mai cin tufafi yana cikinsu, sai dai kaɗan ne ƙwarai ke taɓa sutura. Nau'insu a Birtaniya ya kai kusan 2,500, wasu da launin ruwan hoda da kore, wasu kuma ba a bambance su da ɓawon itace.

Masu sha'awarsu kan ajiye akwati mai fitila a lambu, su zuba kwalayen ƙwai a ciki domin ƙwarin su samu maɓoya. Da asuba sai a buɗe, a tantance, a rubuta, a sake su.

Cibiyar binciken noma ta Rothamsted ta daɗe tana kunna irin waɗannan fitilu a sassan ƙasar. Bayananta sun nuna cewa yawan manyan nau'o'in ya ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017. Wannan ragi na da illa, domin ƙwarin na yi wa tsirrai barbara cikin dare, tsutsotsinsu kuma su ne abincin da ƙananan tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu.

Baƙi daga Afirka

Kamar yadda zuwan shamuwa ke sanar da ƙaratowar damina a ƙasar Hausa, haka mutanen karkarar Birtaniya ke jiran wasu tsuntsaye domin sanin cewa hunturu ya ja baya. Biyu daga cikinsu su ne tsattsewa da kuma wani mai suna kuku, wanda daga kukansa aka raɗa masa sunan.

Baƙar tsattsewa kan iso wajen farkon Mayu, ta yi sheƙa a ƙarƙashin rufin tsofaffin gidaje, ta juya zuwa Afirka a watan Agusta. Wani bincike na Jami'ar Lund da ke Sweden a 2016 ya gano tana iya shafe wata goma a sama ba ta sauka ba. A cikin iska take cin abinci. Yawanta a Birtaniya ya ragu da fiye da rabi tun tsakiyar shekarun 1990, saboda gyaran gidaje na toshe ramukan da take shiga.

Shi kuwa kuku, tun 2011 masana ke ɗaura wa wasu daga cikinsu 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. An gano suna yin hunturu ne a dazuzzukan Kongo, a hanyar komawa kuma sukan yada zango a Afirka ta Yamma su yi ƙiba kafin su tsallake Sahara. Abincin da kuku ya fi so shi ne gizaka, saboda haka raguwar ƙwarin dare ta shafe shi.

Masu ƙirga tsuntsaye sun taɓa hango wata masifa daga nesa. A bazarar 1969, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya saba cika shingayen Ingila ya dawo a ƙaranci, kusan kashi biyu cikin uku sun ɓace. Da aka bi diddigi sai aka tarar ƙarancin ruwan sama ne a yankin Sahel, inda yake yin hunturu. Wannan shi ne mafarin farin da ya addabi Nijar da Chadi da arewacin Najeriya a farkon shekarun 1970, ya halaka dabbobi ya raba dubban mutane da gidajensu.

Tafiyar da jikoki ke ƙarasawa

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari, wanda Turawan Ingila ke kira painted lady. Nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, amma zagayen da yake yi tsakanin Afirka da arewacin Turai kan kai kilomita 14,000.

Babu ɗaya da ke kammala zagayen shi kaɗai. Wanda ya taso zai yi ƙwai a hanya ya mutu, 'ya'yansa su ci gaba, har a kai zuriya shida kafin a dawo inda aka faro.

An daɗe ana zaton sanyi ne ke kashe su a Birtaniya, tunda ba a ganin komawarsu. A 2009 na'urar rada ta warware zancen. Kimanin miliyan 11 suka shiga ƙasar, miliyan 26 kuma suka fita bayan bazara, suna tafiya a tsayin da ya haura mita 500, inda ido ba ya kaiwa.

Daga baya masu bincike suka same su suna hayayyafa a filayen Sahel bayan ɗaukewar damina. Wani nazari na 2021 ya nuna cewa idan ciyayi suka yi kyau a kudu da Sahara, adadin da ke isa Turai a bazara mai zuwa kan ƙaru sosai.

Ana iya dawo da abin da ya ɓace?

A 1979 aka sanar da cewa wani babban shuɗin malam-buɗe-littafi ya ƙare a Birtaniya. Masanin ƙwari Jeremy Thomas ya gano cewa tsutsarsa na rayuwa ne a cikin gidan wata jar tururuwa, tururuwar kuma sai inda ciyawa ke gajere take zama. Da makiyaya suka daina kiwo a tuddan, ciyawa ta yi tsawo, tururuwa ta gudu. Aka maido da kiwo, aka kawo irinsa daga Sweden a shekarun 1980, yanzu kuma yana nan da yawa a kudu maso yammacin Ingila.

Irin wannan nasara ce ke ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Wasu na barin ciyawar gidajensu ba yanka a watan Mayu, magina na saka bulo mai rami domin tsattsewa, wasu manoma kuma na barin gefen gona ga furanni.

Sai dai tsuntsun da ya yi wata uku a Turai, sauran watannin a hanya da Afirka yake yin su. Idan dausayi irin na Haɗeja da Nguru ko gaɓar Tafkin Chadi suka ƙafe, ko aka sare itatuwan da yake hutawa a kai, mai madubin hangen nesa a Ingila zai ga giɓin a littafinsa kafin shekara ta zagayo.