Maganin Tsutsa Na Zube a Gindin Bedi

Idan mutum ya ƙetare gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ya gangara Kirkissoye da hunturu, zai ga garake kore shar a bakin kogi, salati da kabeji da tumatir, ga filayen shinkafa. Abin da ido ba ya gani shi ne gubar da ganyen nan ke sha. Tsutsar kabeji ta riga ta saba da magunguna da dama, sai mai garka ya yi ta ƙara awo, wani ma har da piya-piya. Ya fesa yau, jibi kayan na kasuwa, salati kuwa ɗanye ake ci.

Alhali ga bedi nan, wato dogon yaro, ya cika Yamai tun da aka fara dasa shi kewaye da birnin a 1965. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga farar dango ta cinye tsirrai a Sudan ta bar wannan itace. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki, azadiraktin, wanda ya fi yawa a ƙwallon.

Sai dai bedi ba ya kisan nan take, kuma a nan ne mutane ke yanke masa hukunci da gaggawa. Tsutsa za ta daina ci, ta kasa saɓa, ta mutu bayan kwanaki. Wanda ya saba ganin ƙwari sun zube tun bai ajiye famfo ba zai ce aikin banza ne. A duba sabon ganye bayan kwana uku ko huɗu tukuna.

Haɗin ba wuya. A daka busasshen ƙwallo rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake feshi, domin rana na kashe ƙarfinsa, kuma a maimaita duk mako. Wasu na ƙara barkono da tafarnuwa. Ruwan taba kam a yi hattara, gubarsa na kama mutum kamar yadda take kama ƙwaro.

Masu garka, idan ƴaƴan bedi suka nuna suka fara zuba, ku tsince ku wanke, ku shanya a inuwa, ku adana a buhu mai shan iska, kada su yi fumfuna kafin noman rani.