Yaya Masana Ke Gane Lafiyar Kogi da 'Yan Kwalabe?



Sau da yawa mukan ji a rediyo an ce bincike ya nuna ruwan wuri kaza ya gurɓace. To, shin masu binciken kogin gaba ɗaya suke ɗauka su kai ɗakin gwaje-gwaje? A'a. Ruwa kaɗan suke ɗiba a kwalabe su gwada, sannan su faɗi halin da kogin yake ciki. Wannan ɗan abin da ake ɗiba shi ake kira samfur. Idan an ɗebe shi da kyau, sakamako zai faɗi gaskiya. Idan an ɗebe shi da ganganci, ko na'urar ta kai miliyoyin naira, ƙarya za ta faɗa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai girki ba ta shanye tukunyar miya don ta ji gishiri. Takan juya miyar tukuna, sannan ta ɗanɗana kaɗan. Haka mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Yakan duba tsakiya da ƙasa, don mai kyan yana iya zama a sama kawai. Matsalar ita ce kogi ba ya juyuwa kamar miya. Saboda haka dole a yi tsari.

Me ya sa abin ya shafe mu?

A Kano akwai manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bompai ma maƙwabciyarmu ce a nan Nassarawa. Dagwalon da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar ruwa ta Wasai a yankin Minjibir. Na Sharaɗa da Challawa kuma yana ƙarewa a kogin Challawa, inda ake jan wani kaso na ruwan famfon Kano. Kamfanonin jimar fata suna amfani da wani sinadari mai suna kuromiyam, wanda idan ya yi yawa a ruwa yana cutar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha. A gefen waɗannan rafuka kuwa manoman rani suna shuka latas da alayyahu da kabeji da karas, waɗanda ake kawowa kasuwa mu saya. Shi ya sa malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero suka daɗe suna gwada ruwan da ƙasar da ganyayyakin.

Ƙa'idoji huɗu na ɗibar samfur

Ta farko, a ɗiba a wurare daban-daban. Mai bincike yakan ɗiba a sama, kafin inda dagwalo ke shigowa, sai a daidai bakin magudanar, sai kuma can ƙasa bayan ruwan ya gauraya. Na saman shi ne ma'auni. In babu shi, ba za a san ko dattin daga masana'anta ya zo ba, ko dama can da shi ruwan ya taho.

Ta biyu, a ɗiba a lokuta daban-daban. Da damina ruwan sama yakan yi yawa ya tsarma dagwalon. Da rani ruwa yakan ja baya, dattin ya yi kauri, kuma a lokacin ne ake ban ruwa. Wanda ya gwada a watan Agusta kaɗai bai san halin watan Maris ba.

Ta uku, kada a bi son rai. Wanda yake so ya wanke kamfani zai ɗiba inda ruwa ya yi garai-garai. Wanda yake so ya kunyata shi zai ɗiba inda ya fi baƙi. Dukansu ba su yi adalci ba. Maganin wannan shi ne ƙuri'a: a ba wa wurare lambobi, a zaɓa ba tare da an duba ba. Ko kuma a sa doka tun farko, misali a ɗiba bayan kowace mita 500.

Ta huɗu, a maimaita, kuma a kula da tsabta. Kwalba ɗaya kamar shaida ɗaya ce. Ana wanke kwalabe sosai, a rubuta wuri da rana da lokaci a jikinsu, a sa su a sanyi har a kai ɗakin gwaji.

Sai lissafi

Bayan gwaji sai a koma lissafin da muke yi a aji. Ga misali da na ƙirƙira don mu gane. A ce kwalabe biyar sun ba da 2, 3, 3, 4 da 18. Jimilla 30 ke nan, a raba gida 5, matsakaici ya zama 6. Amma ku duba, babu kwalbar da ta nuna 6. Lambar 18 ce ta ja matsakaicin sama. Idan aka jera su, ta tsakiya 3 ce. Mai bincike na ƙwarai zai faɗi duka biyun, kuma ba zai jefar da 18 ba. Zai koma wurin ya sake ɗiba, domin wataƙila nan ne gubar take shigowa.

Abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010 ya nuna amfanin bin irin wannan lamba. Gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Gubar ba ta bazu daidai da daidai ba, wani gida ya fi wani. Sai da aka bi gida-gida ana gwada ƙasa, aka kankare mai gubar aka zuba sabuwa.

Mu ma mu gwada

Ba sai da na'ura ba. Ledojin fiya wata nawa ne a filin makarantarmu? Mu raba filin gida 50, mu rubuta lambobin a 'yan takardu, mu zuba a hula, mu zaro 10. Mu ƙirga ledojin gidajen nan goma, mu fitar da matsakaici, mu ninka sau 50. Idan matsakaicin 12 ne, to akwai leda wajen 600 a filin. Kowane aji ya yi tasa ƙuri'ar, mu kwatanta. Amsoshin ba za su zo ɗaya ba, amma za su kusanci juna. Muna roƙon malaman lissafi da na kimiyya su taimaka mana, mu liƙa sakamakon a wannan allo.

Daga yau, duk wanda ya ce mana bincike ya nuna kaza, mu tambaye shi cikin ladabi: a ina aka ɗiba, yaushe, kuma sau nawa?

Daga 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.