Dam a bayan gari, keken ɗinki a tsaye

Garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ba shi da nisa da madatsar ruwan Sinnar, wadda aka kammala a 1925. Can gaba, kusa da Damazin, ga ta Rusairis tun 1966. Dukansu suna samar da lantarki. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kahraba, kamar yadda 'yan'uwanmu na can suke kiran wuta, ta zama baƙuwa a ƙauyukan Jazira da Sinnar. An lalata layuka, an sace wayoyi, man janareta ya yi tsada. Tela mai ɗinki a zaure da uwargida mai markaɗen gyaɗa, idan babu wuta, ranar babu ciniki.

Shi ya sa saƙon da ke zuwa wa 'yan kasuwarmu na Jidda da Libiya bai wuce ɗaya ba: a taimaka da kuɗin sola. Taimakon ya dace. Sai dai kuɗin da yawa suna narkewa a wuri guda, wato batir.

Kafin ka aika ko sisi, ka sa a duba bayan kowace na'ura a karanto maka wat nawa take ci. Motar ƙaramin keken ɗinki wajen 100 ce. Ta babban keke, mai juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi, takan kai 400. Akwai sabuwar da ake kira sabo, wadda sai an taka take jan wuta, kuma sauya ta ya fi ƙara faifai araha. Dutsen guga kuwa 1,000 ne ko fiye. Wannan a bar wa gawayi, ba abin kunya ba ne.

Faifan sola mai wat 550 zai ba da kusan wat 2,500 na awa a yini mai kyawun rana. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfa 200 yana riƙe 2,400, amma rabi ne naka. Idan ana tatse shi kullum har ƙasa, ga zafin Sudan, ba zai yi ƙarko ba, sai a sake bugo maka waya. Na litiyam ya fi juriya, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Dabarar ita ce a bi rana. A yi ɗinki da markaɗe daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da faifai ke ɗauke da nauyin kai tsaye, a bar wa batir fitila, fanka da cajin waya da dare. Gidan da ya yarda da wannan tsari, batir ƙalilan sun ishe shi. Na san da wuya a hana tela aikin dare ana gobe Salla, to, ranar sai a tayar da janareta.

Injin markaɗe yana da nasa hali: wajen tashi yakan ja ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa. Inbata da aka saya daidai wa daida za ta riƙa mutuwa da an kunna. Walda ma haka, har ta fi. Mai ita ya nemi ma'aikacin da ya san aikin tun kafin a je kasuwa.

Faifai ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗe shi, a bar iska tana ratsa ƙarƙashinsa, don zafi yana rage masa ƙarfi. A ɗaure shi da ƙarfe sosai saboda habub. Bayan kowace ƙura a wanke shi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Kuma kada a yi rowar waya: siririya tsakanin batir da inbata zafi take yi, kuma ɗakin da ke cike da yadi ba ya son tartsatsi. A sa fis kusa da batir, a ajiye batirin a inuwa, inda yara ba sa kaiwa.