Yaron Da Ba Ya Magana Ma Yana Da Abin Faɗa

A ƙasar Katagum, idan yaro ya kai shekara biyar bai fara magana ba, ko yana buga kansa da bango, sai ka ji ana cewa iska ce ta taɓa shi. Daga nan sai rubutu da hayaƙi. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma shekarun da na yi ina koyarwa a firamare a Azare sun nuna mini akwai ilimin da ya kamata a haɗa da ita.

Ana kiransa nazarin ɗabi'a a aikace. Ya samo tushe daga binciken B. F. Skinner, wani masani ɗan Amurka, kuma ya tsaya da ƙafarsa a 1968, shekarar da aka fara buga mujallar fannin. Masu wannan fanni abu uku suke dubawa: abin da ya faru kafin yaro ya yi wani hali, halin kansa, da abin da ya biyo baya.

Na ga amfaninsa da idona. Akwai wata yarinya mai larurar galahanga a ajina, kullum sai ta ƙwalla ihu ta yi jifa da littafi, mu kuma mu fitar da ita gindin darbejiya. Wata malama da ta yi digiri na biyu a ilimin masu buƙata ta musamman ta zauna a bayan aji da biro da takarda, tana rubuta lokacin kowane ihu. Sai ta gano ihun yana tashi ne da zarar yara sun haɗa baki suna maimaita karatu. Hayaniyar ce ke damunta, korar kuwa ita take nema. Malamar ta zana mata bishiya a kan kwali, ta koya mata ɗaga shi idan tana son fita. Sannu a hankali ihun ya ragu, domin ta samu hanyar faɗin buƙatarta.

Irin wannan ido ba a samunsa a bitar kwana uku. Yana buƙatar karatu mai zurfi da aiki a ƙarƙashin ƙwararre. Hanyar kuma ba a rufe take ba: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana horar da malamai tun 1977, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano kuma suna ba da digiri na biyu a ilimin masu buƙata ta musamman.

Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, amma doka ba ta shiga aji ta zauna da yaro. Roƙona ga gwamnatin Bauchi da masu hannu da shuni na Katagum shi ne su ɗauki nauyin 'ya'yanmu su je su yi wannan karatu, bisa sharaɗin su dawo gida. Ƙwararre ɗaya a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh zai horar da malaman da za su bazu Shira, Giade, Gamawa da Zaki, su zauna da iyaye su yi musu bayani da harshen da suke ji.