Tabon ƙuna a kai: shin gashi zai iya dawowa?

Wata mai sauraronmu daga Ajingi ce ta turo tambaya. Ƙanwarta ta faɗa kan kaskon wuta da hunturu tana shekara 3. Yanzu ta zama budurwa, gefen kanta ba gashi ko ɗaya, ko gidan kitso ba ta yarda ta je. An shafa man kaɗanya, an shafa na habbatus sauda, shiru. To akwai mafita?

Akwai, amma ba a cikin kwalba take ba. Kowane gashi yana da saiwa a cikin fata. Idan wuta ta ci ta kai ga saiwar nan, ta mutu ke nan, babu man da zai tashe ta. Ku daina ɓarnar kuɗi.

Abin da likitoci ke yi shi ne dashen gashi, kamar dai yadda manomi ke cire dawa inda ta yi cunkoso ya dasa a gurbin da bai fito ba. Ana ciro saiwoyi daga ƙeyar mutumin da kansa, kowane ƙulli da gashi 1 zuwa 4, a dasa su cikin tabon. Gashin wani ba ya yi, jiki zai ƙi shi. Kuma aikin ba sabo ba ne: tun 1939 wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya wallafa yadda ya dasa gashi a kan tabo.

Sai dai fa tabo tamkar faƙo ne, jini bai cika ratsa shi ba. Shi ya sa ake jira ya nuna, galibi shekara guda ko fiye, kuma sau da yawa sai an yi dashen sau 2 ko 3. Gashin da aka dasa yakan zube a makonnin farko. Kada hankali ya tashi, bayan wata 3 zuwa 4 zai tsiro, cikakken sakamako kuma sai wajen shekara.

Idan tabon babba ne, akwai wata hanyar. A sa 'yar balan-balan a ƙarƙashin fatar da ke da gashi, a riƙa ɗura mata ruwan gishiri kaɗan-kaɗan na wasu makonni har fatar ta miƙe. Sannan a yanke tabon, a jawo ta a rufe wurin.

Mu baƙar fata, abu biyu ne abin lura. Gashinmu a nannaɗe yake har cikin fata, wanda bai saba ba sai ya tsinke saiwar wajen cirowa. Sannan wasunmu tabonsu kumbura yake ya yi tudu. Don haka kafin tallan Turkiyya a TikTok ya ruɗe ku, ku fara da gida: daga babban asibitin Gaya a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, inda ake da likitocin ƙuna da gyaran fata. Su za su duba su ce wace hanya ta dace.

Na ƙarshe, ranar ƙunar ita ce komai. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Saiwar da aka ceta ran nan ba ta buƙatar dashe.

'Yar'uwa ta Ajingi, ki gaya wa ƙanwarki akwai hanya, sai dai tana son haƙuri. Allah ya ba ta lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.