Failot Ɗin Murhu Ya Ƙi Zama? Fara Duba Launin Wutar

A nan Minesota ta Amurka, inda nake zaune, wasu tsofaffin gidaje har yanzu suna amfani da murhun gas irin na da, wanda ake ajiyewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana hura iska mai ɗumi zuwa sama. A cikinsa akwai 'yar wuta da ba ta kai tsawon yatsa ba, tana ci dare da rana, ana ce mata failot. Duk lokacin da gida ya yi sanyi aka saki gas, ita ce ke kunna babban murhun. Sanyin Janairu a nan yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, don haka mutuwar wannan 'yar wuta ba ƙaramin abu ba ne. Bututun ruwa kansu suna iya daskarewa su fashe.

Kukan da na fi ji daga 'yan uwa sabbin zuwa iri ɗaya ne: "Na danna, na kunna, ya kama, ina sakin hannu sai ya mutu." Sau da yawa murhun lafiyarsa ƙalau, mai gadinsa ne yake aikinsa.

Mai gadin nan wani siririn ƙarfe ne da kansa ke cikin harshen wutar failot, masu gyara suna ce masa tamokoful. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗa bakinsu. Idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, abin da wani Bajamushe mai suna Thomas Seebeck ya gano tun 1821. Wutar ba ta wuce milibolt 30 ba, amma ta isa ta riƙe wani ɗan maganaɗisu a cikin bawul ɗin gas, ƙofa ta zauna a buɗe. Wuta na mutuwa, ƙarfen ya huce, maganaɗisu ya saki, sifirin ya rufe gas. Uwargidan da murhun girkinta na gas sai ta danne makunni na ɗan lokaci kafin wuta ta zauna ta riga ta san wannan dabara, domin ita ce a can ma.

Kafin ka taɓa komai, shinshina. Gas ɗin bututu ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Jihar Teksas ta wajabta hakan ne bayan gas ya tarwatsa wata makaranta a garin New London a 1937, mutum kusan 300 suka rasu, yawancinsu yara. In ka ji warin nan, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki. Fitar da iyali, ka kira kamfanin gas daga waje.

In babu wari, murɗa makunnin gas na murhun zuwa OFF, ka jira minti 5. Mayar da shi kan PILOT, ka danne, ka kunna, ka ci gaba da dannewa daƙiƙa 30 zuwa 60. Gaggawar saki kaɗai tana hana shi zama.

Yanzu durƙusa ka kalli wutar da kyau, domin a nan amsar take. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tsayayya, tana lulluɓe kamar santimita 1 na kan tamokoful. In ka ga rawaya ce, tana lanƙwashewa tana lasar gefen ƙarfen kawai, to 'yar kafar da gas ke fitowa ta toshe da ƙura ko saƙar gizo-gizo. Rufe gas, bari ya huce, ka hure kafar da iska. Kada ka zura allura. Kana faɗaɗa ramin ka ɓata shi. Kan tamokoful ɗin ma yakan yi baƙi, sai a goge shi a hankali da sanfefa mai laushi. Bi wayar tagullarsa har inda ta shiga bawul, ka duba notin. A ɗaure shi da hannu, a ƙara kwatan juyi da sifana, ya isa.

Wuta shuɗiya, noti a ɗaure, amma har yanzu yana mutuwa? Tamokoful ya gaji. Ba shi da tsada, kuma canza shi aikin ɗan lokaci ne ga wanda ya iya.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu tokare makunni da tsinke ko su naɗe shi da salatif don kada ya saki. Don Allah kada ka yi. Ka kori mai gadi ke nan, gas zai ci gaba da kwarara ko da wutar ta mutu, ga iyali suna barci a sama.

Akwai kuma inda hannun mai gida ya kamata ya tsaya. Idan failot yana zama amma sai ya mutu daidai lokacin da fankar murhun ta tashi, ko iska na dawowa ta bututun hayaƙi tana kaɗa wutar, wataƙila tukunyar cikin murhun da wuta ke ɗumamawa ta tsage ko bututun ya toshe. Ta nan kabon monoksaid ke shiga gida, iskar da ba ta da wari ko launi, tana farawa da ciwon kai da jiri. Kashe murhun, ka kira ma'aikaci mai lasisi. In haya kake, sanar da mai gidan nan take, ka kuma danna maɓallin gwaji na ƙararrawar kabon monoksaid da ke kusa da ɗakin barci ka ji ko tana kuka.